Palbociclib, ribociclib ko abemaciclib: wanne ya dace da mai sankarar mama a Abuja?

Takardar da ɗakin gwaji ke bayarwa bayan an ɗebi tsoka daga ƙullutun mama tana da layuka uku da ake fara dubawa: ER, PR da HER2. ER da PR na nuna ko ƙwayoyin sankarar na karɓar saƙon homon na mata, wato istirojin da furojestaron, HER2 kuma wani furotin ne mai sa su saurin girma. Idan ER na da alamar tarawa, HER2 kuma na da alamar ɗebewa, sankarar tana cikin irin wadda sinadarin istirojin ke ciyarwa. Idan kuma ta riga ta bazu zuwa ƙashi, huhu ko hanta, abin da likitocin sankara ke fara tunani a yau shi ne maganin da ke yanke mata istirojin, a haɗa shi da ɗaya daga cikin magunguna uku: palbociclib na kamfanin Pfizer, mai sunan kasuwa Ibrance, wanda Amurka ta amince da shi a 2015, ribociclib na Novartis, wato Kisqali, da abemaciclib na Eli Lilly, wato Verzenio, waɗannan biyun a 2017. Duk ƙwayoyi ne da ake sha a gida. Likita ne ke rubutawa, amma maras lafiya da danginta su ne za su saya, su ne za su yi jigilar zuwa gwaji, don haka ya kamata su san abin da ya bambanta su.

Kafin ƙwayar halitta ta rabu biyu tana bin matakai huɗu. A G1 tana girma tana tara kaya, a S tana kwafe DNA ɗinta, a G2 tana duba kwafin, a M ta rabe. Wurin da ya shafe mu yana ƙarshen G1. A nan akwai wani furotin mai suna Rb da ke riƙe da wani mai suna E2F, ya hana shi buɗe umarnin fara kwafe DNA. Idan saƙon girma ya iso, kuma a ƙwayoyin mama istirojin na cikin manyan masu kawo wannan saƙo, sai ƙwayar ta ƙera furotin saikilin D. Shi kuma ya manne da enzayim biyu, CDK4 da CDK6, ya tashe su aiki. Aikinsu shi ne liƙa wa Rb sinadarin fosfet. Da fosfet ya yi masa yawa sai ya saki E2F, daga nan saikilin E da CDK2 su karɓa, ƙwayar ta shige S, ba ta kuma dawowa baya. Gano irin waɗannan enzayim da saikilin shi ya ba Leland Hartwell, Tim Hunt da Paul Nurse kyautar Nobel a 2001.

Jiki yana da nasa burki a wannan wuri. Furotin p16 yana kama CDK4 da CDK6 ya hana su haɗuwa da saikilin D. Furotin p21, wanda p53 ke sa a ƙera idan DNA ya lalace, da ɗan'uwansa p27, suna danne CDK2. Da su ne fata ke daina tsiro idan rauni ya rufe. A sankarar da istirojin ke ciyarwa, saikilin D kan yi yawa, wani lokaci p16 ya ɓace, amma galibi Rb yana nan lafiya. Magungunan nan uku suna shiga gurbin da ATP, sinadarin da ke kawo fosfet ɗin, ke zama a jikin CDK4 da CDK6, enzayim ɗin ya rasa fosfet ɗin da zai liƙa, Rb ya ci gaba da riƙe E2F, ƙwayar sankara ta tsaya cik a G1.

Daga wannan bayani abubuwa biyu ke fitowa da suka shafi aljihu. Sankarar da ta rasa Rb, maganin ba shi da abin da zai kare a cikinta, kuma wannan ya fi faruwa a irin wadda ER, PR da HER2 duk suka fito da alamar ɗebewa, irin da ba ta da wuyar samu a tsakanin matanmu. Saboda haka sayen ɗayansu ba tare da takardar gwajin tsoka ba asarar kuɗi ce da asarar lokaci. Na biyu, ana haɗa su da maganin homon, wato mai hana sankarar samun istirojin: letrozole miligiram 2.5 a rana, ko anastrozole miligiram 1, ko allurar fulvestrant miligiram 500 a rana ta 1, ta 15, ta 29, sannan wata-wata. Matar da ba ta daina al'ada ba sai an tsayar da aikin jakar ƙwanta tukuna, ko da allurar goserelin miligiram 3.6 a fatar ciki kowane kwana 28, ko da tiyata. Da yawa daga cikin matan da ake gani a nan 'yan shekara talatin da wani abu ne zuwa arba'in da wani abu, don haka kuɗin wannan allura ya shiga lissafi tun daga farko.

Wajen riƙe cutar kada ta ci gaba, ukun sun yi kusa da juna. A gwajin magani a kan marasa lafiya mai suna PALOMA-2, matan da suka sha palbociclib da letrozole sun yi matsakaicin wata 24.8 kafin cutar ta motsa, masu letrozole kaɗai wata 14.5. A MONALEESA-2, ribociclib ya ba da wata 25.3 a kan 16.0. A MONARCH 3, abemaciclib ya ba da wata 28.2 a kan 14.8. Gwaje-gwaje ne daban, a kan mata daban, don haka ba a ɗaukar 28 a ce ta doke 25. Inda suka rabu shi ne tsawon rai. A MONALEESA-2 masu ribociclib sun rayu matsakaicin wata 63.9, ɗaya rukunin 51.4, kuma lissafi ya tabbatar da bambancin. A MONALEESA-7, wanda aka yi shi kacokan a kan matan da ba su daina al'ada ba, wata 58.7 ne a kan 48.0. Abemaciclib tare da fulvestrant, a MONARCH 2, ya ba da wata 46.7 a kan 37.3. A MONARCH 3 tazarar ta kai kusan wata 13 amma ba ta cika sharaɗin lissafi ba. Palbociclib a PALOMA-2 bai nuna ƙarin tsawon rai a fili ba: wata 53.9 a kan 51.2. A takarda, ribociclib ne ke da hujja mafi ƙarfi, musamman ga mace mai ƙuruciya. Sai dai a hannun maras lafiya akwai tambayoyin da takarda ba ta amsawa.

Palbociclib ƙwaya ɗaya ce a rana, miligiram 125, kwana 21 ana sha, kwana 7 ana hutu. Idan ya yi ƙarfi a sauka zuwa 100, sannan 75. Matsalarsa jini ce. CDK6 na da muhimmanci a ɓargo, inda ake ƙera ƙwayoyin jini, don haka kusan mata biyu cikin uku nutrofil ɗinsu, wato fararen ƙwayoyin jinin da ke yaƙar ƙwayoyin cuta, kan sauka ƙasa da 1,000. Wannan sauka ta bambanta da ta kemo. Kemo kashe ƙwayoyin ɓargo yake yi, shi kuwa wannan tsayar da su yake, da an ɗaga magani su ci gaba, abin da ya sa aka sa hutun mako ke nan. Zazzaɓi mai haɗari tare da ƙarancin nutrofil bai wuce kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari ba.

Ana gwajin jini a ranar farko ta kowane zagaye, da rana ta 15 a zagaye biyu na farko. Wasu ɗakunan gwaji ba sa rubuta adadin nutrofil kai tsaye, sai jimillar fararen ƙwayoyi da kaso. Idan takarda ta ce WBC, wato jimillar fararen ƙwayoyi, 2.4, nutrofil kashi 40, a ninka 2,400 da 0.40, a samu 960. Wannan bai kai 1,000 ba, don haka ba a fara sabon zagaye a ranar. A jira mako a sake gwaji, idan ya haura a ci gaba da adadin da ake sha. Sai ya sauka ƙasa da 500, ko ya haɗu da zazzaɓi, ko ya ƙi farfaɗowa, sannan ake rage miligiram. Akwai abin da ya kamata kowane likita a nan ya riƙe: yawancin mutanen Yammacin Afirka jajayen ƙwayoyin jininsu ba su da alamar Duffy, kuma irin waɗannan mutane nutrofil ɗinsu kan zauna ƙasa tun asali ba tare da sun fi kowa kamuwa da cuta ba. Mace na iya zuwa da 1,400 tana lafiya lau kafin ta sha komai. Idan ba a auna ba kafin a fara, sai a ɗora wa magani laifin da ba duka nasa ba ne, a yi ta rage shi ba dalili.

Wani ƙaramin abu da ke ɓata aikin palbociclib shi ne kamanninsa. Akwai kafso, akwai ƙwayar da aka danne. Kafso sai da abinci, kuma idan aka sha shi da yunwa alhali ana shan omeprazole na olsa, abin da jiki zai tsotsa yana raguwa sosai. Ƙwayar da aka danne ba ta da wannan matsala. Ganin yadda omeprazole ya cika jakunkunan mutane, a duba kwali a ga wanne aka sayo.

Ribociclib ƙwaya uku ce ta miligiram 200, jimilla 600, sau ɗaya a rana, an fi so da safe, shi ma kwana 21 da hutun 7. Ana saukowa zuwa 400, sannan 200. Yana taɓa nutrofil kusan kamar palbociclib, kuma ya ƙara abu biyu: hanta da zuciya. Ta ɓangaren hanta ana gwada ALT da AST, enzayim ɗin hanta da ke hawa a jini idan ta taɓu, kowane mako biyu a zagaye biyu na farko, sannan a farkon kowane ɗaya daga zagaye huɗu masu biye. A ƙasar da ciwon hanta nau'in B ya yi yawa, a gwada shi kafin a fara, kuma a ajiye jiƙe-jiƙe da saiwoyin da ba a san abin da ke cikinsu ba. Idan hanta ta tashi ana shan abu uku a lokaci ɗaya, ba wanda zai san mai laifi, kuma maganin sankarar ne za a dakatar.

Ta ɓangaren zuciya, ribociclib na tsawaita lokacin da zuciya ke ɗauka ta shirya wa bugu na gaba, abin da takardar ECG, gwajin bugun zuciya, ke nunawa da QT ko QTcF. Sai ya kasance ƙasa da 450 ake farawa, a sake aunawa wajen rana ta 14, idan ya haura 480 a dakatar. Ana kuma duba fotasiyam, kalsiyam da magnisiyam, domin ƙarancinsu, kamar bayan amai ko zawo, yana ƙara haɗarin. Ba a haɗa shi da tamoxifen, wani maganin homon. A Abuja, a nan ne gizo ke saƙar. Mace ta ji zazzaɓi a damina, ta aiki yaro kemis, a haɗo mata artemether-lumefantrine da ciprofloxacin. Dukansu suna iya tsawaita QT, haka kinin, kulorokwin, azithromycin, da ondansetron da ake bayarwa don tashin zuciya. Ribociclib kuma yana rage saurin enzayim ɗin hanta CYP3A4 da ke narkar da magunguna da dama, sai su daɗe a jini. Maleriya dole a yi maganinta, ba a jinkiri, amma likitan da ya san tana kan ribociclib ne zai zaɓi abin da za a ba ta, ya yanke ko za a ɗaga maganin sankarar na 'yan kwanaki. Mai ciwon zuciya, ko wadda ba za ta iya samun ECG a kan lokaci ba, ko wadda al'adar gidansu ce sayen magani ba takarda, ribociclib ba nata ba ne komai kyan alƙalumansa. A kuma karanta kwalinsa: wasu kwalaye a firji kantin magani ke ajiye su, bayan an karɓa kuma a gida ba sa son zafin da ya wuce digiri 25, na tsawon wata biyu. Ɗaki mai rufin kwano a Nyanya a watan Maris ya wuce haka nesa.

Abemaciclib ya fita daban. Ya fi kama CDK4 a kan CDK6, kusan ninki 14, don haka bai cika danne ɓargo ba. Wajen mace ɗaya cikin huɗu ce nutrofil ɗinta ke sauka ƙasa da 1,000. Saboda haka ba shi da hutu: miligiram 150 safe da yamma, kullum, a rage zuwa 100 ko 50 idan ta kama. Shi kaɗai ne a cikinsu aka amince a sha ba tare da maganin homon ba, a miligiram 200 sau biyu, ga wadda ta riga ta sha wasu magunguna. Abin da yake karɓa a madadin haka shi ne hanji. Fiye da mata 8 cikin 10 suna yin zawo, galibi yana farawa a makon farko, ya fi tsanani a watan farko, sannan ya lafa. Kada a bar asibiti ba loperamide, maganin tsayar da zawo, a hannu: miligiram 4 da zarar bayan gida ya saki, sannan 2 bayan kowane zawo, kada a wuce 16 a rana, tare da ruwan gishiri da sukari. Idan awa 24 ta wuce bai lafa ba, a dakatar da abemaciclib a kira likita. Idan akwai jini a ciki ko zazzaɓi, a bar loperamide a tafi asibiti, domin atini da taifot ba su daina kama mutum don yana da sankara ba.

Abemaciclib yana kuma ɗaga kiriyatinin, dattin da ake aunawa a jini a gwajin ƙoda. Dalilin shi ne yana toshe hanyar da ƙoda ke bi ta tura kiriyatinin cikin fitsari, alhali tacewarta na nan yadda take. Likitan da bai saba da shi ba na iya cewa ƙoda ta taɓu ya tsayar da magani. Abin tsoro na gaske shi ne daskarewar jini a jijiya, wadda ta sami wajen kashi 5 cikin ɗari a gwaje-gwajen cutar da ta bazu. Ƙafa ɗaya ta kumbura, ko numfashi ya yanke ba zato, asibiti ne a ranar. Wadda ta taɓa samun gudan jini a ƙafa ko huhu, ko wadda dama hanjinta ba shi da ƙwari, a duba mata ɗaya daga cikin sauran biyun.

Akwai abokan gaba da ukun suka yi tarayya a kai. Rifampicin na tarin fuka yana sa hanta ta cinye su, abin da ke jini ya ragu da fiye da kashi 80 cikin ɗari. Kuɗin ne kawai ke tafiya. Carbamazepine da phenytoin na farfaɗiya haka suke. Clarithromycin, ketoconazole, itraconazole, ritonavir da ruwan garehul kuwa akasin haka suke yi, su tara maganin a jiki. Mai shan maganin HIV ta faɗi sunan nata: haɗin da ke da dolutegravir ba ya kawo wannan cikas, mai efavirenz ko ritonavir yana kawowa. Dukansu suna iya jawo kumburin huhu, abin da ba kasafai yake faruwa ba amma yana kisa, don haka sabon tari ko haki ba abin bari a gani ba ne. Ba a ɗaukar ciki ko shayarwa a kansu, har zuwa mako uku bayan ƙwayar ƙarshe. Wadda ta manta ko ta yi amai bayan sha ba ta ƙarawa, ta jira lokaci na gaba. Zazzaɓin da ya kai digiri 38, gwajin jini da na maleriya a ranar. Ga mai son yin azumin Ramadan, na sau ɗaya a rana ya fi sauƙin tsarawa; abemaciclib a watansa na farko, da zawo da zafin Abuja, ba ya tafiya da azumi.

Idan cutar ba ta bazu ba, an yi tiyata ana neman hana ta dawowa, palbociclib ya fita daga zaɓi, domin gwajin PALLAS da PENELOPE-B ba su nuna amfaninsa ba. Abemaciclib ana shan sa shekara biyu, bisa gwajin monarchE, ga wadda aka samu cutar a kaluluwar hammata huɗu ko fiye, ko ɗaya zuwa uku tare da ƙari mai santimita 5 ko mai daraja ta 3, wato mai saurin girma. Ribociclib kuma miligiram 400 ne na shekara uku, bisa gwajin NATALEE, an amince da shi a 2024.

Sai kuɗi da tafiya, waɗanda a nan sukan yanke hukunci kafin komai. A kowane kwana 28 ana buƙatar ƙwaya 21 ta palbociclib, ko 63 ta ribociclib, ko 56 ta abemaciclib, kuma ga wadda cutarta ta bazu ba wa'adi, ana sha ne muddin yana aiki, wanda kan kai shekara biyu ko fiye. Iyali su zauna su lissafa wata 24, da letrozole, da goserelin idan ana buƙata, da gwaje-gwaje, da hoton jiki kowane wata uku zuwa huɗu. Dangi kan yi karo-karo su sayi kwali biyu na mafi tsada, a wata na uku hannu ya ƙare. Da an ɗaga magani CDK4 ke komawa aiki, ƙwayoyin da suka tsaya a G1 su ci gaba da tafiya. A ra'ayinmu, palbociclib ɗin da za a iya saye kowane wata ba yankewa ya fi ribociclib ɗin wata biyu. Palbociclib ne aka fi samun na kamfanonin Indiya da Bangaladash masu rahusa. A saya ta hannun kantin maganin asibiti ko amintaccen mai harhaɗa magani, a duba lambar NAFDAC, lambar rukuni da ranar lalacewa. A kuma tambayi sashen walwalar marasa lafiya na asibiti game da asusun tallafin masu sankara na gwamnatin tarayya da abin da inshorar NHIA ke ɗauka.

A ɗauki mace mai shekara 41 a Kubwa, tana al'ada, QTcF ɗinta 420, hantarta lafiya, tana iya isa Babban Asibitin Ƙasa cikin awa ɗaya: ribociclib da letrozole da goserelin ne suka fi dacewa da ita. Dattijuwa mai shekara 68 da ke zuwa Asibitin Koyarwa na Gwagwalada daga Abaji, cutar a ƙashi kawai, tana shan maganin zuciya da na fitsari: palbociclib ya fi mata sauƙi, tunda gwajin jini kaɗai yake nema kuma ba ya zubar mata da ruwa. Wadda nutrofil ɗinta ke zaune a 1,100 tun kafin a fara, ko ta yi ta tsallake zagaye a kan palbociclib saboda jini, abemaciclib zai bar ta ta sha magani ba yankewa, in dai an shirya wa zawon.

Ko wanne aka zaɓa, ranar da zai daina aiki tana zuwa, domin ƙwayoyin sankara kan zubar da Rb gaba ɗaya, ko su ƙara saikilin E har CDK2 ya riƙa buɗe hanya ba tare da CDK4 ba. Hoton jiki ne ke nuna haka, shi ya sa ba a tsallake shi ko da mace na jin daɗin jikinta. A lokacin ana sauya maganin homon, misali daga letrozole zuwa fulvestrant, ko a ƙara wani magani mai toshe wata hanya daban, ko a koma kemo irin su capecitabine. Sauya palbociclib da ɗan'uwansa kawai, a bar maganin homon yadda yake, ba kasafai yake sayen lokaci mai yawa ba.